Kayan Kariya Ga Mai Nutso a Teku: Wanne Za Ka Fara Saya, Wanne Zai Jira?

Da zarar mutum ya gama koyon nutso da tukunyar iska, sai ya ga kaya sun yi masa layi, kowanne ana cewa na ceton rai ne: ƙaramar tukunya ta biyu, balan-balan na alama, wuƙa, tocila, kwamfutar nutso (mai lissafin zurfi da lokaci) ta biyu, na'urar kiran agaji. Aljihu ba ya ɗaukar duka a lokaci guda. Ko da ya ɗauka, jiki ba zai ɗauka ba, domin wanda ya rataya kaya ta ko'ina ya fi saurin sarƙewa a raga, ya fi shan iska, kuma ranar da abu ya ɓaci sai ya tsaya lalube.

Abubuwan da ke rutsawa da mai nutso ba su da yawa. Iska ta yanke maka a ƙasa. Zare ko raga ta riƙe ka. Ka fito sama jirgi bai gan ka ba. Ko kuma ka rasa abin da kake gani ko kake lissafi da shi. Kowane kaya na kariya ɗaya daga cikin waɗannan yake tarewa, don haka sai ka san wacce ta fi kusa da irin nutson da kake yi kafin ka zaro kuɗi.

Ma'aunin da zan bi

Na farko, kuma shi ya fi nauyi a wurina: shin kayan yana tsaye da ƙafarsa, ko yana jingine da abin da zai iya lalacewa? Abin da zai mutu tare da babban kayanka bai cika sunan madadi ba. Na biyu, za ka iya kai masa hannu ɗaya, cikin ruwa mai duhu, da safar hannu mai kauri, zuciya tana bugawa? Na uku ƙarko, domin ruwan gishiri ba ya raga wa ƙarfe ko roba. Na huɗu kuɗi, na saye da na kulawa shekara bayan shekara. Na biyar, haɗarin da shi kansa kayan yake jawowa, don kusan kowanne yana da nasa.

Iska ta biyu: a fara da lissafi

Nan ne aka fi kashe kuɗi, nan ne kuma aka fi yaudarar kai, saboda haka zan daɗe a kai.

A saman ruwa matsin iska bar 1 ne. Duk mita 10 da ka sauka a teku sai ya ƙaru da bar 1: a mita 10 bar 2, a mita 30 bar 4. Huhunka girmansa bai canza ba, amma iskar da ke cika shi ta ninka huɗu. Mutumin da ke shan lita 20 a minti a sama zai sha 80 a mita 30. Tsoro kuma yana ƙara numfashi. Mu ɗauka mutumin da iska ta yanke masa yana shan lita 30 a minti a ma'aunin sama, kuma wannan ba zuzutawa ba ce, wasu sukan wuce haka nesa.

Yana mita 30. Minti ɗaya na gane abin da ya faru da sauya abin baki zai ci lita 120. Hawa zuwa mita 5 a gudun mita 9 a minti zai ɗauki kusan minti 3, ya ci kamar lita 230. Tsayawar kariya ta minti 3 a mita 5, wadda ake yi domin jiki ya rage iskar naitirojin da ta taru, ta ci 135. Ragowar hawan kamar 30. Jimla kusan lita 515. Riƙe wannan adadi, da shi za mu auna sauran.

*Oktofus.* Wannan shi ne abin baki na biyu, galibi rawaya, mai tiyo da ya ɗan fi na farko tsawo, wanda ke fita daga regileta ɗaya da kake shaƙa, wato na'urar da ke rage matsin iskar tukunya. Kowace makarantar nutso tana koyar da shi, kuma bai kamata a shiga ruwa ba shi ba. Yana da arha idan aka kwatanta da sauran, ba shi da nauyi, kulawarsa tana tafiya tare da ta regileta. Sai dai a fahimce shi da kyau: oktofus ɗinka na abokinka ne, naka yana jikin abokinka. Idan tukunyarka ta ƙare, ko zoben roba ya fashe a bakin bawul, oktofus ɗin da ke ƙirjinka ya mutu tare da ita. Amfaninsa gaba ɗaya ya rataya ne a kan tazarar da ke tsakaninku. Abokin da ya yi nisan mita 15 yana bin kifi da kyamara, ga wanda ya fitar da numfashi ya ja bai samu komai ba, daidai yake da babu.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Mutum biyu a tukunya ɗaya daga mita 30 suna buƙatar ninkin lissafinmu, wato lita 1,030. A tukunyar alminiyam ta lita 11 da aka fi bayarwa haya, wannan ya haura bar 90. Ke nan bar 50 da aka saba cewa a bari ajiya ba zai fitar da mutum biyu daga wannan zurfi cikin natsuwa ba. A ruwan sanyi kuma, ƙasa da digiri 10, shaƙar mutum biyu a regileta ɗaya tana ƙara yiwuwar ta daskare ta riƙa zubar da iska ba tsayawa.

Akwai nau'in da aka haɗa shi da tiyon hura rigar iska (rigar da ke hana ka nitsewa ko tasowa ba da so ba), kamar Air2 na kamfanin Scubapro. Yana rage tiyo ɗaya, yana da daɗin tafiya. Amma kai za ka miƙa wa abokinka abin bakinka ka koma kansa, sannan da wannan abu guda za ka riƙa shaƙa kana sakin iskar riga yayin hawa. Sai wanda ya maimaita hakan sau da yawa.

*Kwalbar hannu.* Irin su Spare Air: 'yar kwalba mai abin baki a kanta, ana cika ta daga babbar tukunya. Wadda aka fi sani tana ɗaukar kusan lita 85. Tana tsaye da ƙafarta, ba ta da nauyi, tana shiga jakar tafiya. Masu sonta sukan ce da babu gara ba daɗi, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma a koma lissafi. Daga mita 12, idan ka kama hawa nan take ba tsayawa, za ka ci kamar lita 65, ta kai ka. Daga mita 18 a gudun mita 9 a minti kana buƙatar fiye da 110, ba ta kai ba. A mita 30 kuwa, lita 85 ba ta kai numfashin daƙiƙa 45 ba. Haɗarinta shi ne ƙarfin gwiwar da take bayarwa: mutum ya ji yana da madadi, ya saki jiki ya yi nisa da abokinsa a zurfin da kwalbar ba za ta fitar da shi ba. Ni ina kallonta a matsayin abin da ke sauƙaƙa hawan gaggawa daga ruwa marar zurfi, iyakarta ke nan.

*Foni.* Ƙaramar tukunya ce mai regileta da geji (ma'aunin iskar da ta rage) nata na kanta. Ta lita 3 a bar 200 tana riƙe da lita 600, wato ta rufe 515 ɗinmu da ɗan rara kaɗan. Ta lita 2 ba ta kai ba. Wanda ke yawan zuwa mita 30 zuwa 40, iyakar nutson nishaɗi, ya nemi wadda ta kusa lita 6, mai ɗaukar sama da lita 1,100. Kuɗinta ya ninka na oktofus sau da yawa, tun da tukunya ce da regileta cikakkiya. Kulawa ma haka: regileta ta biyu da za a kai gyara, da tukunyar da za a riƙa dubawa. A Amurka ana duba cikin tukunya duk shekara, a yi mata gwajin matsi duk shekara 5, wasu ƙasashe kuma suna da nasu tsarin. A jirgin sama sai an juye ta an cire bawul.

Wurin ɗaura ta yana da muhimmanci. Wasu suna manna ta a jikin babbar tukunya a baya. Ba ta tare gaba, amma ba ka ganin bawul ɗinta, ba ka ganin ko tana yoyo, kuma an sha samun wanda ya rikita abin baki ya fara nutso da foni bai sani ba, sai da ta ƙare a ƙasa. Na fi son a rataye ta a gefe, daga kafaɗa zuwa ƙugu: kana ganin geji, hannunka yana kan bawul, kana iya cire ta ka miƙa wa wani. Doka ɗaya ce ba a karyawa: iskar foni ba ta shiga lissafin nutso. Ranar da ka fara cewa "bari in ƙara minti biyar, ai ina da foni", ta daina zama madadi.

*Tukwane biyu.* Ko dai a haɗe a baya da bawul na tsakiya da ke raba su, ko ɗaya a kowane gefe. Regileta biyu, iska mai yawa, kuma idan ɗaya ta lalace a rufe ta a ci gaba da ɗayar. Wannan shi ne mafi cika, shi ne mafi tsada da nauyi, kuma ba a shiga shi sai da horo, domin rufe bawul a bayan wuya cikin kumfa da ƙara aiki ne na hannu da ya saba.

| Zaɓi | Iska | Tsaye da ƙafarsa? | Kuɗi | Kulawa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Oktofus | Ragowar tukunyar aboki | A'a | Kaɗan | Kaɗan | Aboki ya yi nisa |
| Kwalbar hannu | Kusan lita 85 | E | Matsakaici | Kaɗan | Ba ta isa a zurfi |
| Foni ta lita 3 | Lita 600 | E | Da yawa | Matsakaiciya | Rikita abin baki, cin ajiya |
| Tukwane biyu | Sama da lita 4,000 | E, idan an iya rufe bawul | Mafi yawa | Mai yawa | Nauyi, rashin horo |

Ko da wanne ka hau, kada ka riƙe numfashi. Iskar da ke huhu a mita 10 tana ninka girmanta kafin a kai sama, kuma huhu yana iya yagewa a hawan da bai kai mita 2 ba idan an toshe maƙogwaro.

A gan ka a sama

A watan Janairu na 1998 jirgin nutso ya bar wasu ma'aurata 'yan Amurka a teku a yankin Great Barrier Reef na Ostireliya. Sai bayan kwana biyu aka lura ba su dawo ba, kuma ba a same su ba. Bayan haka jihar Queensland ta tsaurara dokar ƙirga mutane a jiragen nutso. Na kawo wannan ne domin mutane suna zuba hankalinsu a kan abin da ke faruwa a ƙasa, alhali fitowa sama rabin tsira ne. Kan mutum a tsakiyar taguwar ruwa ɗigo ne baƙi, yana bayyana yana ɓacewa, ruwa kuma yana jansa.

Balan-balan na alama, dogo mai ruwan lemo ko rawaya, shi ne abin da zan ce kowa ya fara saya bayan oktofus. Yana da arha, ba batir, ba abin da zai lalace sai huda. Ana hura shi a ƙasa a sake shi da zare a kwarkwaro, matuƙin jirgi ya ga inda ruwa yake kai ka tun kana tsayawar mita 5, jiragen da ke wucewa kuma su kauce. Mai buɗaɗɗen gindi ya fi sauƙin hurawa amma yakan faɗi ya zubar da iska a sama. Rufaffe mai bawul na rage matsi yana tsayawa a cike, shi na fi so. Gajere na mita 1 ya isa a ruwa mai kwanciya, a buɗaɗɗen teku a nemi wanda ya kusa mita 2. Haɗarinsa na gaske ne: idan zaren ya naɗe yatsa ko kaya, balan-balan ɗin zai fizge ka sama da gudu. Kada ka taɓa maƙala kwarkwaron a jikinka lokacin saki, idan ya sarƙe ka sake shi ya tafi. Wasu wuraren suna ɗaukar rawaya a matsayin alamar matsala, don haka a yi magana da matuƙi tun a jirgi.

Usur kusan kyauta ne, a ɗaura shi a rigar iska, amma iska da ƙarar inji suna cinye sautinsa. Ƙahon da ake haɗawa da tiyon riga, irin DiveAlert, yana kai nesa sosai, sai dai da iskar tukunya yake aiki, in ta ƙare ya yi shiru. Madubi yana kai nesa fiye da su duka idan akwai rana, har jirgin sama yana ganinsa. Da dare kuwa tocila ce ko fitila mai walƙiya.

Na'urorin rediyo su ne masu tsada, kuma babu wadda ke aiki a ƙarƙashin ruwa, sai an fito. Nautilus LifeLine an yi ta ne domin masu nutso, tana jure zurfi a rufe, tana aika wurin da kake zuwa jiragen da ke kusa ta tsarin rediyon jiragen ruwa da ake kira AIS da DSC. Ƙarfinta shi ne jirginka ko maƙwabcinsa ne zai fara ji. Rauninta, idan ba jirgi mai irin wannan rediyo a kusa, ba mai ji. Na'urar PLB kuwa, wato na'urar kiran agaji ta mutum ɗaya, tana aikawa a kan mita 406 MHz zuwa taurarin ɗan'adam na Cospas-Sarsat, tsarin da Amurka da Kanada da Faransa da Tarayyar Sobiyet suka kafa, wanda ya fara ceto a 1982. Tana aiki ko'ina a duniya, ba kuɗin wata, sai rajista. Amma saƙon cibiyar ceto yake zuwa, ba jirginka ba, kuma yawancinsu sai an saka su a gwangwani mai jure matsi. Garmin inReach tana ba da damar aika saƙo a karɓi amsa ta taurarin Iridium, ita ma da gidanta na nutso, amma da kuɗin da ake ci gaba da biya.

Abin yanka

Babbar wuƙa a ƙwauri ita ce hoton da kowa ya sani, kuma ita ce mafi ƙarancin amfani. Abin da ke kama mai nutso yawanci siririn zaren fatsa ne da ba a gani a ruwa, ko tsohuwar raga, kuma a bayan wuya yake kamawa, wurin bawul. Ƙwauri ya yi nisa, kuben ma kansa yana kama zare. 'Yar ƙugiya mai reza a ciki, irin Eezycut Trilobite, tana yanke zare da ɗamara da ja ɗaya, ba ta huda riga ko yatsa, kuma ana sauya rezar idan ta yi tsatsa. Almakashin asibiti yana cin har siririyar waya, da hannu ɗaya, yana da arha, amma ƙusar tsakiyarsa tana tsatsa. Wuƙa tana da wurinta a igiya mai kauri: ta ƙarfe ta fi kaifi amma tana son wanki da mai, ta taitaniyam ba ta tsatsa amma ta fi tsada. Shawarata guda biyu ƙanana a wurare biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙugu, yadda kowane hannu zai kai ga ɗaya.

Ido da lissafi

Gilashin fuska na biyu a aljihu ba shi da tsada. A mita 10 ana iya hawa ba gilashi da taimakon aboki, amma wanda zai yi tsayawar dole a hanya, wato wanda ya daɗe a zurfi har ba zai iya hawa kai tsaye ba, yana buƙatar karanta kwamfutarsa.

Kwamfuta ta biyu sai ta shiga ruwa tare da kai tun nutson farko, domin naitirojin da ya taru a jikinka take bi. Wadda ta kwana a jaka ba ta san komai ba. Idan su biyun sun saɓa, a bi wadda ta fi tsanani. Wanda ke da guda ɗaya ta mutu, ya hau a hankali, ya yi tsayawarsa, ya bar ruwa aƙalla awa 24. Ga mai nutso ɗaya a mako wannan ba asara ba ce. Ga wanda ya biya kuɗin mako guda a jirgi, asarar yini ce sukutum. Idan kana karanta matsin tukunya ta na'ura marar waya, ƙaramin geji mai allura ba ya buƙatar batir.

Tocila: da rana a buɗaɗɗen ruwa ƙarama ɗaya ta isa, za ta kuma yi maka alama idan magariba ta riske ka a sama. Da dare biyu. Masu shiga kogo uku suke ɗauka, ba sa ragewa.

Wani abu da ba a jikinka yake ba amma ya kamata ka tambaya kafin jirgi ya tashi: akwai iskar oksijin ta agajin farko? Ita ce taimakon farko ga wanda kumfar naitirojin ta kama. Ƙungiyar DAN (Divers Alert Network) mai kula da lafiyar masu nutso, da aka kafa a 1980, tana da layin gaggawa dare da rana, a ajiye lambar a waya.

Wa ya dace da me

Sabon mai nutso, a ruwa mai ɗumi da haske, bai wuce mita 18 ba, tare da jagora: oktofus, balan-balan da kwarkwaro, usur, ƙugiyar yanka. Duka huɗun ba su kai kuɗin foni ɗaya ba. Ragowar kuɗin ya tafi ga ƙarin nutso da koyon sakin balan-balan a wurin malami, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai yawan tafiya da ake haɗa shi da abokin da bai sani ba, ko mai ɗaukar hoto da idonsa ke kan kyamara: a gaskiya shi kaɗai yake nutso ko da an rubuta su biyu. Idan yana wuce mita 18, foni. Idan nauyin kaya ya hana, ya tambayi wurin da zai je ko suna bayar da haya, ya tafi da regileta da maɗaurinsa kawai.

Mai nutso inda ruwa ke ja da ƙarfi, ko tsibirai masu nisa da gaɓa: dogon balan-balan, madubi, ƙaho, tocila, da na'urar rediyo. Inda jirage suke da yawa, mai AIS. Inda teku ba kowa, PLB.

Mai ruwan sanyi ko ruwa mai duhu: foni ta lita 3 zuwa sama da regileta da aka yi domin sanyi, abin yanka biyu da za su kamu da safar hannu, tocila ko da rana.

Mai son shiga kogo, ko cikin jirgin da ya nitse, ko nutson da ke da tsayawar dole: tukwane biyu, tocila uku, gilashi da kwamfuta na biyu, zaren jagora, kuma duk wannan bayan kwas ɗin da ya dace, tun da a can ba a hawa kai tsaye.

Lita 30 da na yi lissafi da ita zato ne na gaba ɗaya. Ka auna taka: ka zauna a mita 10 na minti 10, ka duba bar nawa suka tafi, ka ninka da litar tukunyarka, ka raba da 10, ka sake rabawa da 2. Abin da ya fito ka ninka shi biyu saboda tsoro, ka mayar da shi cikin lissafin da ke sama a zurfin da ka saba zuwa. Adadin da ka samu shi ne litar iskar da ya kamata tukunyar da za ka nema ta ɗauka.